Amanar Kaji Biyar

Shekara talatin da huɗu Mai Aski ya yi yana cin dafaffen ƙwai ɗaya kowace safiya, ko sau ɗaya bai taɓa tambayar yadda aka yi ƙwan ya iso gabansa ba. Ya dai san akwai kaji a bayan gida, don yana jin kyarkyararsu in yana sa takalmi. Iyakar saninsa ke nan. Bayan gida na matarsa ne, shago nasa, kuma a ganinsa abin da ya sa ba su taɓa yin faɗan kirki ba ke nan.

Gadon sana'ar ya yi wurin mahaifinsa, wanda sai da ya sa shi shara shekara biyu cur kafin ya bar shi ya taɓa almakashi. Shagon ɗan ƙarami ne, a matse tsakanin mai gyaran takalmi da mai sayar da fenti. Kujera ɗaya ce mai juyawa, sai benci, sai madubi mai tsaga a kusurwar hagu, sai wata kwalba da yake tsoma matsefai a ciki. A nan ya tsufa a tsaye. Ya san ƙeyar rabin mazan unguwar fiye da yadda ya san fuskokinsu, kuma kafin mutum ya lura sanƙo ya fara masa sallama, shi ya riga ya gani ya yi shiru.

Mutumin kirki ne, ba mai cewa a'a. Amma yana da wani hali guda mai gajiyar da mutane: ba ya iya ganin abu ba daidai ba ya ƙyale shi. Zare ya leƙo a bakin labule, sai ya yanke. Baƙo ya zo gaisuwa da gashi ɗaya a miƙe a bayan kunne, to, Mai Aski ba zai ji rabin gaisuwar ba. Matarsa takan ce da an ba shi dama, da ya bi itatuwan titi ya daidaita musu ganye. Shi kuwa yabo yake ɗaukar maganar.

Ita da kaji biyu a kwando ta shigo gidansa, tun daga ranar kuwa akurkin bai taɓa zama ba kowa ba. Mace ce mai ƙarancin magana da mutane, mai yawan magana da kaji. 'Ya ɗaya Allah ya ba su, ta girma, ta yi karatu, aiki ya kai ta wani gari mai nisa. Gidan ya koma su biyu da kajin.

Ciwon a hankali ya shigo. Rama ce, sai gajiya, sai zama a kan matakalar baya tana mai da numfashi bayan ta ɗebo ruwan kaji. Mutumin da ke hango makero a kan mai wucewa daga tsallaken titi bai ga matarsa tana ƙarewa a gabansa ba. Sai da 'yarsu ta zo hutu, ta dubi uwar sau ɗaya, ta ce gobe asibiti. Likita ya duba takardu ya ce da an zo da wuri da abin ya zo da sauƙi. Bai faɗa don ya ci zarafin kowa ba, amma maganar ta shiga kan Mai Aski ta zauna, ba ta sake fita ba.

Maganin da aka ɗora ta a kai ya zubar mata da gashi. Ba lokaci ɗaya ya tafi ba, nan ya zube can ya saura, kamar gonar da awaki suka shiga. Ko a ɗaki a ɗaure take barin kanta, amma yana ganin abin a kan matashi, a matsefi, a bakin magudanar wanka. Wata safiya ya ɗauko jakar aikinsa, ya ajiye kujera a tsakiyar ɗaki.

"Zauna in gyara miki," in ji shi.

"Ka bar min sauran, Maigida. Ai ba ya cizo."

"A haka ya fi muni. In an kwashe duka ya fi tsabta, kuma zai fito daidai."

Ta dube shi jim kaɗan, ta kwance ɗankwalin, ta zauna. Ya yi mata askin da bai taɓa yi wa kowa mai kyansa ba. Da ya gama ya miƙa mata madubi yadda ya saba yi wa kowa, ba ta karɓa ba. Ta ce masa sannu da aiki, ta mai da ɗankwalinta. Gashin bai sake fitowa ba, don ba ta kai lokacin ba.

Ana saura kwana uku ta rasu ta sa ya buɗe mata tagar da ke kallon bayan gida.

"Su biyar ne," ta ce. "Ja ce babbarsu, ba ta son a ɗauke ta ta baya. Hatsi da safe, ruwa sau biyu, ka rufe su kafin duhu. Amana na ba ka. Su biyar ɗin nake so su ga baɗi."

"Ke za ki gan su da idonki."

"To," ta ce, irin to ɗin da ake ce wa yaro don ya yi shiru.

A farkon zafi aka binne ta. Da mutane suka watse, 'yar ta koma wurin aikinta, Mai Aski ya buɗe ƙofar baya ya tsaya a kan matakala kamar baƙo. Filin bai fi taku goma ba. Akwai akurkin katako da waya, kaskon ruwa, gwangwanin hatsi a rataye a ƙusa, da silifas ɗin matarsa a gefen matakala, ɗaya ya ɗan hau kan ɗaya yadda ta cire su. Bai taɓa su ba. Kajin suka rugo da jin ƙarar ƙofa, suka zo gabansa suka tsaya, amma ba shi suke kallo ba. Wuyansu suke miƙawa suna leƙen bayansa, wajen duhun kicin. Ya waiwaya. Ya san ba kowa, amma ya waiwaya, kuma haka ya ci gaba da yi kowace safiya.

Ya riƙe amanar da gaske. Ya koyi sunayensu daga abin da ya tuna tana kira: Ja, Baƙa, Wake-wake, Gajera, da Uwar Tsegumi wadda bakinta ba ya hutawa. Ya share akurki fiye da yadda yake share shago. Duk tsawon zafi ƙwai bai yanke ba, yau uku gobe huɗu, ya ci ɗaya ya raba sauran ga maƙwabta. In ya ɗauki ƙwai da ɗuminsa a tafin hannu yakan ji kamar an ce masa ya kyauta. A wannan shekarar ba abin da ya riƙe shi a kan ƙafafunsa kamar wannan.

Sai rana ta fara gajarta. Da, yakan rufe shago ya tarar da sauran haske a gida, yanzu sai ya bar mai jiran aski a kan benci ya yi sauri don ya rufe kaji kafin duhu. Iska ta yi sanyi, raɓa ta fara kwana a kan waya. Ƙwai ya koma biyu, ya koma ɗaya. Wata safiya ya sa hannu a cikin ciyawar da suke kwanciya ya laluba ko'ina, ba komai. Da ya janye hannun sai ga gashin kaza ya manne masa a yatsu.

Kwana uku bayan haka filin ya cika da gashi kamar an fasa matashi. Ja ce ta fi lalacewa. Wuyanta ya tsiraita, bayanta ya yi faci-faci, jelarta ta tafi gaba ɗaya, zankonta da yake ja wur ya koɗe ya yamutse. Ta daina zuwa gaba in an watsa hatsi, sai ta raɓe a jikin katanga ta ƙanƙame jikinta. Mai Aski ya ɗauki tsintsiya ya share, ya tara gashin a kusurwa, ya tsaya yana kallon tarin. Ya yi shekara hamsin yana share gashi bai taɓa jin komai ba. Ran nan ya zauna a kan matakala kusa da silifas ɗin. Tsoro ne ya kama shi, domin ya taɓa ganin irin wannan zubar a cikin gidan nan, kuma ya san inda ta ƙare.

Daga nan gidan ya canza masa. Yana wanke kofi a kicin sai ya ji kamar an girgiza gwangwanin hatsi a waje, sau biyu, yadda matarsa take yi. Ya leƙa, gwangwani na nan a ƙusarsa, iska ce kawai. Ya fara samun gashin kaza a inda bai kamata ba: a bakin ƙofar ɗaki, a cikin takalminsa, ɗaya har a kan matashin gefenta. A rigarsa yake shigo da su, ya san da haka sarai. Sanin bai hana shi tsayawa ya daɗe yana kallon wancan na kan matashin ba.

'Yarsa ta kira shi a waya, ta ji muryarsa ba daidai ba, ta matsa masa har ya faɗa.

"Baba, in ciwo ne ka yanka su tun suna da amfani," ta ce. "Sabo da kaza ai ba ya hana yanka ta. Ka rufe gidan ka dawo wurinmu, ga ɗaki nan ba kowa."

"Mamanki ta ce su biyar."

"Mama ba za ta so ka kashe kanka a kan kaji ba. Ka tambayi Inna Auta mana, ai ita ma tana kiwo."

Auta ƙanwar matarsa ce, tana zaune a ƙarshen gari, mota biyu ake shiga kafin a kai. Ya ce zai tambaye ta, bai kuwa tambaya ba. Wanzami ba ya son jarfa. Mutumin da duk unguwa ke kawo wa kai in ya yi ƙuraje, shi ne zai je ya ce wa ƙanwar matarsa bai san abin da ke zubar da gashi ba? Bayan girman kai kuma akwai kunya. Bai so dangin matar su ji cewa wata bakwai kacal amanar ta yi a hannunsa ta fara lalacewa.

Don haka ya yi abin da ya iya. A saninsa, in gashi ya zube faci-faci, fata ce ta kamu, kuma maganin fata ɗaya ne: a wanke, a kwashe abin da ya saura, a shafa magani. Ranar da ba ya buɗe shago ya dafa ruwa, ya surka a baho, ya jera sabulun magani, tawul, auduga da ƙaramin almakashinsa a kan benci. Ya kama Ja ta gaba, yadda aka ce masa. Da ya taɓa bayanta ta yi wani ƙara ta zabura, ya ɗauka zafin ciwo ne, ya ƙara riƙe ta.

Ya wanke ta tas. Da ruwa ya kwantar da sauran gashin sai ya ga abin da bai gani ba a da: wuyanta da bayanta cike da wasu tsinkaye baƙi-baƙi, gajeru, masu tauri, sun huda fata sun fito kamar ƙaya. Ya ce a ransa ga tushen cutar nan. Ya ɗauki almakashi ya fara bin su ɗaya bayan ɗaya, dab da fata, da hannun nan nasa da ba ya rawa.

Na farko ya ɗiga jini. Na biyu ma haka. Ya kamata ya tsaya a nan, amma mai aski ba ya barin kai rabi, ya ce mugun jini ne ke fita. Sai da ya kai wajen goma sha biyar ya ga tawul ya rine, jinin kuma ba ya tsayawa. Ya danna auduga, ya barbaɗa hoda, ya sake dannawa. Kazar ta daina ƙara, ta daina zillo, sai rawar sanyi take a hannunsa. Ya naɗe ta a busasshen tawul ya kai ta rana, amma ranar ba ta da ƙarfi, kuma tun la'asar ta sauka bayan katanga. Ya sa ta a kwali a kicin kusa da murhu. Da gari ya waye ya tarar da ita a sandare, idonta ɗaya a buɗe.

A gindin katanga ya haƙa rami ya binne ta da tawul ɗin. Bai yi kuka ba. Abin da ya yi ya fi kuka muni, don tsayawa ya yi ya yi tunani irin nasa, ya kai ga cewa latti ya yi. Da ya wanke ta tun ranar da ya ga gashin farko, da ta tashi. An taɓa gaya masa da an zo da wuri, ba za a sake gaya masa ba. Saura huɗu, kuma ya ƙudura gobe da safe zai gama da su duka.

Washegari bai buɗe shago ba. Ya surka ruwa, ya jera kaya, ya kama Wake-wake ya matse ta a hammata. Yana gwada ɗumin ruwan da yatsa ya ji an yi sallama a ƙofar gida, an turo, an bi ta kicin. Ƙofar baya ta yi ƙara. Kaji ukun da ke ƙasa suka rugo, suka miƙa wuya suna kallon bayansa. Ya waiwaya, wannan karon akwai mace a tsaye a duhun kicin, tsayinsu ɗaya da matarsa, ɗaurin ɗankwalinsu ɗaya.

Auta ce, da ƙaramin buhu a hannu. Ta dubi bahon, ta dubi almakashin, ta dubi kazar da ke hammatarsa.

"Mijin Yaya, me zan gani haka? Kaji ma sun shiga layin aski?"

Da wasa ta fara, yadda suka saba tun tana yarinya. Da ta ga fuskarsa sai ta ajiye buhun.

"Sake ta," ta ce. "Don Allah sake ta tukuna."

Ya sake ta. Kazar ta yi tsalle ta girgije ta gudu bayan akurki.

"Cuta ce ta shigo musu," in ji shi. "Gashi na zuba, ƙwai ya ɗauke. Ga wasu ƙayoyi sun fito musu a fata."

"Ina Ja?"

Ya nuna gindin katanga da haɓa. Auta ta kalli sabuwar ƙasar, ta zauna a kan benci a hankali, ta sa ya faɗa mata duk abin da ya yi. Ya faɗa bai rage komai ba.

"Ba cuta ba ce," ta ce. "Riga suke canzawa. Duk kazar da ta wuce shekara, in rana ta gajarta sai ta zubar da tsohon gashi ta yi sabo, don ta shiga sanyi da mai kauri. Ƙayoyin nan da ka gani, sabon gashin ne ke tsirowa. Da jini a cikinsa har sai ya gama fita, shi ya sa ko taɓa su ba sa so. Ƙwai kuwa, jikin ba zai iya aiki biyu ba. Abin da za ta yi ƙwai da shi, shi take yin gashi da shi, ga kuma haske ya ragu. Wata biyu, uku, su dawo sumul. In rana ta fara tsawo ka ji kyarkyara."

"Duk shekara?"

"Duk shekara, tun da aka halicci kaza."

"Ba zai yiwu ba," ya ce, har da ɗan zafi. "Shekara talatin da huɗu ina cin ƙwai a gidan nan, sanyi da zafi. Ban taɓa fashi ba. Ban kuma taɓa ganin gashi a filin nan ba."

"Yaushe ka taɓa fitowa filin?" Ta faɗa ba da faɗa ba. "Kafin ka tashi ta share. Ƙwan kuma dabara ce. Kowace shekara a farkon zafi takan zo wurina ta karɓi ƙwai masu zakara ta sa wa mai kwanci. Tana lissafin watanni, yadda 'yan tsakin za su zama sagaru, 'yan matan kaji, daidai shigowar sanyi. Sagara ba ta zubar da gashi a shekararta ta farko, tana fara ƙwai ba ruwanta da sanyi. In tsofaffi sun tsaya, ita ke ba da ɗayan nan da kake ci. Ita Yaya ba ta cin ƙwai in sanyi ya shigo, ba ka lura ba? Bana ce kawai ba ta samu ta sa ba."

Bai lura ba. Ya nemi ya tuna ko sau ɗaya abin da ke gabanta a waɗancan safiyoyin, ya kasa. Kansa kawai yake gani yana ɓare ɓawo yana duba agogo.

Auta ta jawo buhun ta kwance bakinsa. Garin busasshen kifi ne da niƙaƙƙen wake. Ta ce ya riƙa haɗa musu da hatsi, ya toshe gefen akurkin da iska ke shiga, ya bar su. Tana magana tana kakkaɓe hannu, ba ta dube shi ba.

"Laifina ne, Mijin Yaya. Saƙo aka ba ni, na yi nauyin ƙafa. Na ce sai sanyi ya kama sosai, ga gwiwar nan tawa, ga nisa. Da na zo shekaranjiya da Ja na nan."

"Wane saƙo?"

"A asibiti ta ba ni, kana waje kana karɓo magani. Ta ce, Auta, in sanyi ya shigo kaji za su zube, ki je da kanki ki ce masa kada ya taɓa su. Na ce ai sai ki gaya masa yanzu. Ta ce in ta ce masa gashi zai zuba ya dawo, zai ɗauka kanta take nufi, ya sa rai. Ta ce, ki dai je. Na san mutumina, ba zai iya kallo ba, almakashi zai ɗauko."

Mai Aski ya dubi bencin. Almakashin na nan a kan tawul, a goge, bakinsa a ɗan buɗe. Ba faɗa a cikin saƙon, ba zargi, shi ya sa ya fi ciwo. Tana kan gadon mutuwa ta hango shi a wannan filin, da wannan bahon, wata bakwai kafin ya zo, ba ta yi kuskuren komai ba. Shi kuwa ya zauna da ita shekara talatin da huɗu bai san da me take karyawa ba. Kunya ta rufe shi, da kewarta, irin wadda bai ji ba ko ranar da aka binne ta.

"Ba ta ce komai ba bayan wannan?" ya tambaya.

"Shi ke nan abin da ta ce."

Auta ba ta daɗe ba, tana so ta sami mota da sauran rana. Ya raka ta bakin titi ya dawo. Ya zubar da ruwan bahon a magudana, ya mai da kayan aikin cikin jaka, ya kai jakar ɗaki ya rufe. Ya nemo tsohon buhu ya toshe gefen akurkin. Ya haɗa garin da hatsi ya watsa, kajin suka taru suna tsattsaga, huɗu, duk a yamutse, ba mai kyan gani a cikinsu.

Duhu ya fara sauka tun kafin lokacinsa. Suka bi juna zuwa akurki, Baƙa a gaba, sai Gajera, sai Uwar Tsegumi. Wake-wake ta tsaya a bakin ƙofa dab da ƙafarsa. Wani dogon gashi ya karye a fiffikenta, yana reto, yana jan ƙasa in ta motsa. Abu ne na daƙiƙa ɗaya, yatsa biyu sun isa. Ya ji hannunsa na dama ya taso da kansa. Ya mai da shi baya, ya kama shi da na hagu, ya riƙe gam, ya tsaya a haka har ta ga dama ta shiga tana jan abinta.

Da ya sunkuya zai sa sakata ya leƙa ciki. Sun hau sandar kwana sun jeru, sun matse juna saboda sanyi, amma a can ƙarshe wajen bango, inda babbarsu ke kwana, sun bar wurin kaza ɗaya ba wadda ta hau.